Ƙwaron Zare da Gashin Kaza

Lokacin da aka kafa dokar kulle a Kuala Lumpur saboda korona, ni kaɗai ce a gida. Maigidana, wanda yake karatun digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, ya tafi Najeriya tattara bayanan bincikensa da niyyar ya yi 'yan makonni ya dawo. Yana can aka rufe filayen jirgin sama. Ni kuma ban cika shekara a ƙasar ba. Turancina na sakandare ne, yaren Malay ɗin da na iya bai wuce na sayen tumatir da albasa ba.

Gidanmu yana can saman wani dogon bene a Setapak. Ƙofofin suna fuskantar juna, da siririyar baranda a tsakani, kuma kowace ƙofa tana da ƙyauren ƙarfe mai raga a gaban na katako, don mutum ya buɗe ya sha iska ba tare da an shigo masa ba. A da idan na leƙa ta taga, ɗalibai nake gani suna tururuwa zuwa tashar bas, babura suna ratsa su. Bayan kulle titin ya zama kamar an yi ruwa an ɗauke. Sai kukan hankaki, sai jiniyar motar asibiti jefi-jefi. Matan 'yan uwanmu da ke Bukit Jalil suna gaishe ni ta waya, Allah ya saka musu, amma babu mai iya zuwa wurin wani.

Abin da ya riƙe ni a makonnin farko ɗinkin hula ne. A wurin goggona na koya tun ina yarinya a Kano, kuma na zo da zaren siliki mai yawa a akwati. Na zauna na yi ta ɗinki, ba don akwai mai jiran hular ba.

Maƙwabtanmu na ƙofar da ke kallon tamu wasu dattawa ne Malay, miji da mata. Kowa a benen yana kiransu Pak Cik da Mak Cik, wato kamar a ce kawu da inna. Gaisuwa kawai muke yi a da. Da Mak Cik ta lura ba ta ƙara jin muryar namiji a gidanmu ba, sai ta fara rataya mini abinci a jikin ƙyauren ƙarfe. Ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya, ta ce, "Makan, makan," tana nuna baki da hannu. Ni kuma a gidanmu ba a mayar da kwano ba komai, don haka nakan zuba mata wainar shinkafa ko ɗan dambu.

Wata rana da hantsi ta ƙwanƙwasa, na fito da hula a hannu, allura tana soke a jiki. Ta tsaya tana kallo ta saman takunkuminta.

"Ke kika yi wannan? Da hannu?"

"Ni ce, Mak Cik."

Ta juya ta kira mijinta. Ya fito a hankali yana dafa bango. Na rataya hular a ƙyaure na koma baya, ya zo ya ɗauka da hannun hagu. Bai tsaya kallon adon ba. Cikin hular ya juyo, ya kai ta kusa da tabaransa yana duba inda na ƙulle zare.

"Hannunki ba ya rawa," ya ce da Turanci. Ya mayar da ita inda ya ɗauko, ya koma ciki.

Washegari Mak Cik ta yi mini bayani, rabi da Turanci, rabi da Malay, abin da ya gagara kuma da hannu. Mijinta ya yi karatu a New Zealand yana saurayi. A can ya koyi kamun wani kifi na ruwan sanyi da ake kira tirawut, wanda ba a sa masa tana ko ƙullin gari a ƙugiya. Ƙwaro ake haɗa masa da zare da gashin tsuntsu, a ɗaure a jikin ƙugiyar, a jefa bisa ruwa, kifin ya ɗauka na gaske ne. Tun da ya dawo gida bai bar wannan aiki ba, yana yi wa kifin kogunan ƙasarsu. Sai bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Ya tashi, amma hannun damansa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

"Kullum sai ya zauna gaban teburin nan yana kallon kayan," ta ce. "A da yakan je masallaci ya ga abokai. Yanzu babu. Ki ara masa hannunki, 'yata. Boleh?"

Na riga na san boleh, kalmar da suke tambaya da ita ko abu zai yiwu. Na ce zan yi shawara da maigidana.

Da na gaya masa ta waya sai da ya yi dariya har da tari.

"Ƙwaro za ki koma ɗinkawa? To mu da muke jiran hula fa?"

"Malam, hula huɗu ce a ajiye, kai kuma kanka ɗaya ne."

"Idan dai Mak Cik tana wurin, kuma kuna nesa da juna saboda cutar nan, ki yi. Ya fi ki zauna kina sauraron motar asibiti."

Haka muka fara. Na fito da ƙaramin tebur bakin ƙofata. Pak Cik ya zauna a kujera a bakin tasu ƙofar, Mak Cik tana gefensa tana gyaran kayan miya. Ta goge kayan aikin da man tsaftace hannu ta turo mini a tire: wani ƙarfe mai baki da ake ɗaurewa a tebur ya riƙe ƙugiya, ƙaramin almakashi, mariƙin zare, da gashin zakara iri-iri a cikin leda. Ƙugiyar ba ta kai ƙumbar ɗan yatsana ba.

Kafin ya bar ni na taɓa komai, sai da ya sa aka turo mini wani akwatin katako mai faɗi. Na buɗe, na ga ƙwari a jere sahu-sahu, har na ja hannuna baya. Duk shi ya ɗaura su lokacin ƙuruciya. Ya ce in fara daga sahun sama. Waɗannan masu duhu marasa fiffike, tsutsotsi ne da ke zaune ƙarƙashin duwatsun kogi, su kifi yake ci idan sanyi ya fara sauka. Na biye da su masu siririn jiki da doguwar wutsiya, su ne tsutsotsin nan bayan sun taso saman ruwa sun fasa fata sun yi fiffike. Akwai wani kore mai ƙyalli da ke faɗowa daga bishiya idan zafi ya shigo, akwai wani ƙato mai kama da gyare na tsakiyar zafi.

"Kowane yana da lokacinsa," ya ce. "Kifi ya san abin da ke faɗowa a wannan makon. Idan kika ba shi na watan jiya, zai kalle shi ya wuce. Ba abin da kike so za ki ɗaura ba. Sai kin je kin duba abin da yake ci."

Na farkon da na ɗaura tururuwa ce baƙa, don ya ce ita ce mafi sauƙi: a naɗa zare ya yi ƙullutu biyu, a bar ƙugu a tsakani, a zagaya gashin zakara sau biyu ya zama ƙafafu. Na yi, na sa a tire na tura. Ya duba ya ce tururuwata ta ci ta ƙoshi. Na sake, ya ce wannan kuma ta yi azumi da yawa. Mak Cik ta harare shi, ta ce masa wani abu da Malay wanda ban ji ba, amma na gane. Zaren nasu siriri ne kamar gashi, ina ja kamar yadda nake ja a hula sai ya tsinke. Na tsinka zare a ranar har na ji kunya. Shi kuwa ko a jikinsa. "A hankali lah," yake cewa, da "lah" ɗin nan da suke ƙarawa a ƙarshen magana. Hannunsa na dama yana kan cinyarsa yana rawa, amma na lura yatsun suna bin nawa, suna naɗa zaren da babu.

Daga nan kusan kullum da hantsi muna zaune. Azumi ya zo ya same mu a haka. Na koyi zaɓen gashi, na koyi yadda ake tsayar da fiffike biyu su yi daidai, na koyi ƙullin ƙarshe da ake ɓoyewa a bayan idon ƙugiya. Mun ɗaura ƙwarin New Zealand da yawa, ƙwarin da ban taɓa gani ba, don kifin da shi ma ban taɓa gani ba. Yana koya mini yana ba ni labarin kogunan can, ruwan da ake hango ƙasansa, sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Mak Cik ta ce ta ji labaran nan fiye da yadda ta ji huɗubar Juma'a, amma ba ta taɓa tashi ta bar wurin ba.

Na tambaye shi wata rana, tunda ƙasarsu babu sanyi babu bazara, yaya ake sanin lokacin kowane ƙwaro. Ya ce a nan ruwan sama ne da bishiyoyi suke faɗa wa mutum. Idan ɓauren bakin kogi ya nuna, kifi yana ƙarƙashinsa yana jira. Idan kuma aka yi kwanaki ana zafi sannan aka tafka ruwa, da magariba wani ƙwaro da suke kira kelkatu zai fito, ranar kifi har hauka yake yi. Ya kwatanta mini shi, ban gane ba.

Ba a jima ba aka yi irin wannan ruwan. Da la'asar hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, aka zuba kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke. Ina shirin buɗe baki sai na ji Mak Cik tana rufe tagogi da sauri. Na leƙo, na ga fitilar baranda ta cika da ƙwari masu dogon fiffike suna zagaye ta, wasu suna faɗowa ƙasa suna zubar da fiffiken.

"Wannan ai shinge ne," na faɗa da Hausa, ni kaɗai.

Pak Cik yana tsaye a ƙofarsa. "Kelkatu," ya ce. "Kin san shi?"

Na ce na san shi tun ina ƙarama, a farkon damina yake fito mana. Na shiga na ɗauko roba na zuba ruwa, na ajiye ƙarƙashin fitila kamar yadda muke yi a gida. Nan da nan suka fara faɗawa ciki. Na gaya musu manyan irinsa har soyawa ake yi a wurinmu a ci da gishiri. Mak Cik ta riƙe baki tana dariya, ta ce in dai zan soya kada in sa a kwanonta. Sai da muka ji kiran salla ya yi nisa muka tuna ba mu sha ruwa ba.

Da safe na tsamo guda biyu na sa a farin faranti. Pak Cik ya daɗe yana dubawa da gilashin ƙara girma. Ya ce ya sha ɗaura kelkatu, amma bai taɓa gamsuwa da fiffiken ba, don na gasken ya fi jikin tsawo nesa, ga shi shara-shara, a kwance yake bisa baya. Gashin da yake da shi duk ya yi kauri, shagon da yake saye kuma a rufe yake. Jikin bai ba mu wahala ba. A cikin zaren hulata akwai wani mai ruwan zuma, na warware shi na ɗauki sili ɗaya, ya zo daidai. Fiffiken ne muka yi ta gwaji. Mun gwada leda, ta yi ƙyalli da yawa. Mun gwada gashin tsintsiyar kaɗe ƙura ta Mak Cik, bai yi ba, ta kuma ƙwace abarta. A ƙarshe na farke sabon takunkumi, na ga a tsakiyarsa akwai wani farin yadi marar nauyi. Na yanka siriri, na jiƙa shi a ruwan shayi ya ɗan yi duhu, na shanya, na ɗaura. Da ya isa hannun Pak Cik, ya ɗaga shi sama yana juyawa a haske, ya ajiye kusa da na gasken. Bai ce ya yi kyau ba. Cewa ya yi, "Ƙara guda goma."

Bayan ƙaramar salla aka sassauta dokar, amma ɗansu, wanda yake aiki a wani gari, ya roƙi kada su fita ko'ina. Shi ma maigidana bai samu izinin dawowa ba. Muka ci gaba da zamanmu, akwatin yana cika.

Da cutar ta sake tasowa, ta shigo benenmu. Mak Cik ce ta fara zazzaɓi, sannan shi. Ita ta tsaya a gida a killace, shi kuwa numfashinsa ya yi ƙasa, aka zo da motar asibiti aka tafi da shi. Ta ramin ƙofa na ga fitarsa, mutane biyu cikin fararen kaya sun sa shi a tsakiya. Ni ma aka gwada ni, Allah ya tsare ban kamu ba.

A wannan lokacin ban iya taɓa zare ba. Na mayar da tebur ciki na rufe shi da zani. Kullum ina dama kunun gyaɗa da farfesun kaza mai citta in rataya wa Mak Cik, in ƙwanƙwasa in koma. Wani lokaci ta ɗauka, wani lokaci in tarar da shi yadda na bari. Idan ta samu ƙarfi takan zauna a bayan ƙyaurenta, ni ma in zauna a bayan nawa. Ba a barin kowa ya je asibiti. Ɗan ne yake samun labari ta waya ya gaya mata, ita kuma ta gaya mini. Akwai ranar da ta ce an ƙara masa iskar numfashi, ta kasa ƙarasa maganar. Ban san kalmomin lallashi a yarenta ba, sai na karanta addu'ar da na san mun haɗu a kanta, ta ɗaga hannu tana cewa amin.

Allah ya tashi kafaɗun Pak Cik. Ya dawo ya rame ƙwarai, magana kaɗan sai ya tsaya ya huta. Kwana biyu da dawowarsa Mak Cik ta ƙwanƙwasa ta ce yana tambaya ina teburin.

Maigidana ya dawo bayan nan, ya yi zamansa na killace a otal, sannan ya iso gida. Ya tarar da ƙugiyoyi a cikin kwanon shan shayinsa, ya ce ashe da gaske ake. Ya je ya durƙusa ya gaishe da dattawan nan daga bakin ƙofa, ya yi musu godiya har Pak Cik ya ɗaga masa hannu ya ce ya isa.

Sai da kowa ya yi allurar rigakafi aka buɗe hanya tsakanin jihohi, sannan ɗansu ya zo da mota ya kwashe mu zuwa wani kogi a Hulu Langat. Ƙaramin kogi ne a cikin daji, ruwan garau, yana gudu tsakanin duwatsu. Na ɗauka da isarmu za a fara jifa. Pak Cik ya sa aka kafa masa kujera a kan yashi, ya ce kowa ya zauna ya kalli ruwa tukuna. Ya sa maigidana ya ɗago dutse ya juya, muka ga ƙananan tsutsotsi suna gudu a jiki, irin waɗanda na sha ɗaurawa. Na daɗe ina kallonsu.

Ni dai shingena nake so a gwada. Pak Cik ya ce ba a yi ruwa ba a makon nan, babu kelkatu a kogin.

"Pak Cik, ko sau ɗaya."

"Boleh," ya ce, yana murmushi.

Ɗan ya ɗaura shi a fatsa ya jefa. Ya sauka bisa ruwa kamar na gaske, ya bi ta kan wani gurbi inda muke hango kifi suna tsaye. Ɗaya ya taso, ya zo dab da shi, ya juya ya koma. Aka sake jefawa, wannan karon ko motsi ba su yi ba. Maigidana ya kalle ni yana danne dariya.

Pak Cik ya nuna wani reshe da ya sunkuyo kan ruwa. Tururuwa ce baƙa take hawa da sauka a jikinsa, iska tana kaɗo wasu su faɗa, kuma a ƙarƙashin reshen ruwan yana yin ƙananan da'ira. Ya buɗe akwati ya zaɓo tururuwa ɗaya cikin waɗanda na yi, aka ɗaura. Sannan ya ce a ɗaga shi tsaye. Ɗan ya tsaya a bayansa ya riƙe masa ƙugu, shi kuma ya karɓi sandar fatsar da hannun hagu. Jifan farko ya faɗi kusa da ƙafarsa. Na biyu ya maƙale a ciyawa, maigidana ya je ya ciro. Na uku ya sauka a ƙarƙashin reshen, bai yi tafiyar taku ɗaya ba ruwa ya buɗe, zaren ya miƙe.

"Zo, 'yata. Karɓi."

Na tattare hijabina na karɓi sandar. Ban san ƙaramin kifi yana da ƙarfi haka ba, ina jin bugunsa har cikin gwiwar hannuna. Kowa yana ba ni umarni da yarensa, ni kuwa ban ji ko ɗaya ba, har dai kifin ya gaji ɗan ya sa raga ya ɗago shi. Tengas suke kiransa. Tsawonsa bai fi tafin hannu da rabi ba, ɓawonsa yana ƙyalli kamar tagulla, tururuwata tana maƙale a gefen bakinsa. Pak Cik ya koma kujera yana haki. Mak Cik ta juya baya tana gyara ɗankwalinta, ta daɗe tana gyarawa.

Ina tunanin yadda zan soya shi sai na ga ɗan ya zare ƙugiyar, ya sunkuya ya sa kifin a ruwa, ya buɗe hannu. Kifin ya tafi.

"Ya suɓuce ne?" na tambaya.

"Sakinsa ake yi," Pak Cik ya ce. "Sun yi kaɗan a kogin nan."

Na kalli maigidana na ce da Hausa, "Malam, shekara da watanni ina ɗaura ƙwaro, a kama kifin kuma a sake shi?"

"Ki yi haƙuri, kowa da al'adarsa," ya ce.

Mak Cik ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskata. Ta ce ita ma shekara da shekaru tana wannan tambayar, ba ta taɓa cin kifin mijinta ba.

A hanyar dawowa maigidana ya roƙi ɗan ya tsaya a wata rumfa a bakin titi, ya sayo manyan karfasa masu rai. Da muka isa gida na wanke su da lemun tsami, na soya, na barbaɗa yajin ƙuli, Mak Cik ta dafa shinkafa da ruwan kwakwa. Muka shimfiɗa tabarma a falonsu muka ci. Yajin ya sa Pak Cik tari har da hawaye, Mak Cik ta janye farantin daga gabansa, ya jawo abinsa ya ce a ƙara masa.